Virginia Apgar da Mintin Farko na Rayuwar Jariri

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa jarirai miliyan 2.3 ne suka rasu a shekarar 2022 kafin su cika kwana 28, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na wannan rashi a makon farko yake aukuwa, wato kafin a yanka ragon suna. Wannan jarida na ganin cewa tarihin Dokta Virginia Apgar na ɗauke da darasin da ya shafi Dogo-Dogo da sauran garuruwan gundumomin Dungas da Magarya na jihar Damagaram a Nijar kai tsaye.

An haifi Apgar a 1909 a jihar New Jersey ta Amurka, ta kammala karatun likita a Jami'ar Columbia a 1933. Burinta shi ne tiyata, amma malaminta Allen Whipple ya nuna mata cewa matan da suka riga ta shiga wannan fanni ba su samu karɓuwa ba, don haka ta koma ilimin sa barci, wato kawar da jin zafi yayin tiyata ko haihuwa, wanda a lokacin ba a ɗauke shi da muhimmanci ba. A 1949 ta zama mace ta farko da ta kai cikakken matsayin farfesa a kwalejin likitancin jami'ar. Zamanta a ɗakin haihuwa ya nuna mata cewa hankalin ma'aikata kan koma ga uwa kaɗai, jaririn da ya fito a galabaice kuwa babu wata ƙa'ida da za a gane halinsa da ita.

Ma'aunin da ta wallafa a 1953 ya ƙunshi alamomi biyar: bugun zuciya, numfashi, ƙarfin gaɓoɓi, martanin jariri idan an taɓa shi, da launin fata, wanda a jariranmu aka fi gane shi a leɓe da harshe. Kowace alama tana samun maki daga 0 zuwa 2, jimla 10, ana dubawa a minti na farko, daga baya aka ƙara da na biyar. Jaririn da ya samu 7 zuwa sama yana cikin ƙoshin lafiya, wanda bai wuce 3 ba kuma yana cikin haɗari. Amfanin ma'aunin shi ne ya wajabta a dubi jariri tun daga faɗowarsa a matsayin majinyaci mai haƙƙin kansa, kuma ba ya buƙatar lantarki ko na'ura mai tsada, sai agogo da idon da aka horar. Apgar ta rasu a 1974, amma har yau da wannan ma'auni ake aiki a ɗakunan haihuwa na duniya.

A ƙauyukan da ke kan iyakar Nijar da Najeriya, mata da yawa a gida suke haihuwa, kuma al'adar kunya kan sa mace ta ɓoye naƙuda, ba a kiran ungozoma sai lokacin yanke cibiya, alhali mintin da ake iya ceto jaririn da bai yi kuka ba ya riga ya wuce. Gwamnatin Nijar ta mayar da tiyatar haihuwa da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta tsakanin 2005 da 2006, ƙungiyar likitoci Na-gari Na-kowa ta MSF kuma ta fara aiki a Magarya a 2005, sai dai jaririn da numfashinsa ya tsaya ba zai jira a ɗaura amalanke zuwa babban asibiti ba. Abin da ke cetonsa shi ne hannun da ke kusa: a goge jikinsa ya bushe, a murza bayansa, a hura masa iska da jakar numfashi ta hannu ba tare da an tsaya lissafin maki ba, sannan a kwantar da shi a ƙirjin uwarsa ya sha dakashi, wato nonon farko da wasu ke zubarwa bisa kuskure.

Saboda haka wannan jarida na kira ga hukumomin lafiya na jihar Damagaram da su tabbatar kowane ɗakin haihuwa na karkara yana da ƙwararriyar ma'aikaciya dare da rana, tare da agogo da jakar numfashi, kuma a jawo ungozomomin gargajiya a jiki domin su riƙa rako mata asibiti tun naƙuda na farawa. Sarakuna da limamai su faɗakar da magidanta cewa barin mace ta je awo da haihuwa a asibiti yana cikin kiyaye amanar iyali. Iyaye kuma su bar 'ya'yansu mata su zarce da karatu har makarantun aikin lafiya na Damagaram, domin mata sun fi sakin jiki da 'yar'uwarsu mace, kuma ma'aikaciyar da ta tashi a Dogo-Dogo ta fi kowa yiwuwar zama a cikinsa ta yi wa jama'arta aiki.