A Fara Gyara Malamin Aji Ɗaya Kafin A Sayo Kwamfuta

Duk sa'ad da shugabanni suka tashi maganar gyaran ilmi a ƙasar nan, abin da ke fara fitowa daga bakinsu shi ne kwamfuta, da intanet, da makarantun zamani masu allon lantarki. Da wuya ka ji an ambaci malamin da ke riƙe da aji ɗaya, wanda a hannunsa yaro ke fara sanin baƙi da wasali. Ra'ayinmu a wannan fili shi ne, matuƙar kuɗin da ke hannu ba su isa a yi kome da kome ba, to, a fara kashe su wajen horar da malaman ƙananan azuzuwa da kula da su, sa'an nan na'ura ta biyo baya ta zama mataimakiyarsu. Muna kuwa da hujjoji daga binciken masana, waɗanda ya kamata kowane ɗalibi da kowane matashin ma'aikaci ya sani.

Da farko dai, me ya sa muka nace a kan shekarun farko? Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, bincike kuma ya gaskata su. Tsakanin 1962 da 1967, a garin Ifsilanti na jihar Mishigan a Amurka, masana suka ɗauki yara 123 'ya'yan talakawa, masu shekara 3 zuwa 4, suka raba su kashi biyu. Kashi ɗaya aka sa su makarantar share fage ta Perry, inda suke yin awa biyu da rabi kowace safiya, malami ɗaya ga yara biyar ko shida, malaman kuma suna ziyartar gidajensu mako-mako. Ɗaya kashin aka bar su a gida. Aka yi ta bin diddigin waɗannan yara har suka kai shekara 40, sai aka tarar waɗanda suka shiga makarantar sun fi sauran gama sakandare, sun fi su samun abin hannu, kuma ba su kai su faɗawa hannun 'yan sanda ba.

Wani zai ce ai wannan Amurka ce mai arziki. To, ga Jamaika. A 1986 da 1987 aka fara wani gwaji a unguwannin talakawa na birnin Kinston, a kan yara ƙanana waɗanda rashin abinci mai gina jiki ya tsumburar da su. Ma'aikatan lafiya na unguwa suka riƙa zuwa gidajen wasunsu awa ɗaya kowane mako har shekara biyu, suna nuna wa uwaye yadda za su yi wasa da hira da 'ya'yansu, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20, sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna abin da waɗannan yara ke samu a wurin aiki ya ɗara na takwarorinsu da ba a ziyarta ba da kimanin kashi 25 cikin 100. A duba da kyau, a gwaje-gwajen nan biyu abin da aka ba yaro shi ne babban mutum horarre mai lokacin zama da shi.

Yanzu bari mu juya ga na'ura, domin ita ma an gwada ta, kuma ba yau aka fara ba. Maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar ta soma koyar da 'yan firamare ta telebijin tun 1964 da taimakon Faransa, ana sa masu ɗan taƙaitaccen horo su tsare ajin. Gwajin ya yi suna a duniya, amma bai game makarantun ƙasar ba. Kwaddebuwa ta ɗauki shirin da girma a 1971, tana shirya darussa a garin Buwake tana watsawa ƙasa duka, sai ga shi a 1982 an soke shi, bayan ya ci kuɗi masu yawa, iyaye da malamai kuma suna ta kuka da shi. A zamanin kwamfuta, ƙasar Feru ta sayi ƙananan kwamfutoci fiye da 800,000 a ƙarƙashin shirin nan na kowane yaro da tasa. Da masana suka auna makarantun karkara 319 bayan wata 15, rahotonsu na 2012 ya ce yaran sun iya sarrafa na'urar, tunaninsu ya ɗan ƙara kaifi, amma karatu da lissafi suna nan inda suke. Dalilin a fili yake, an miƙa wa yaro na'ura, an bar malaminsa da tsohuwar hanyarsa ta koyarwa.

Kada a ɗauka muna gaba da fasaha. Ƙasar Kenya ta nuna inda amfaninta yake. A 2013, a yankin Kisumu, aka gwada hanyoyi uku tare da sababbin littattafai da horon malamai: a wasu makarantu aka ba kowane yaro na'urar karatu, a wasu aka ba malamin aji kwamfutar hannu, a wasu kuma aka ba jami'in da ke zagayawa yana duba malamai kaɗai. Karatun yara ya ƙaru a duka ukun, ba tare da wani babban bambanci ba, alhali kuwa hanyar farko ta fi ta ukun tsada nesa ba kusa ba. Saboda haka da Kenya ta buɗe shirinta na Tusome a 2015 domin azuzuwan farko a duk ƙasar, sai ta bi hanya ta uku. Kowane yaro da littafinsa, kowane malami da jagoran darasi, jami'in zagaye kuma ya zauna a bayan aji da kwamfutar hannu, ya kalli darasi, ya saurari karatun wasu yara, ya ba malami shawara, ya aika da rahoto. Watau na'ura ɗaya tana yi wa makarantu da dama aiki, domin an ɗora ta a kan gyaran malami.

Mu a Nijeriya tarihinmu ya isa ya zame mana darasi. A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa. An yi tsammanin yara miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai kusan miliyan 3 suka zo. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma haka aka yi: aka yi ta yaye malamai cikin gaggawa, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a shekarar domin ta horar da waɗanda ke bakin aiki. Daga baya aka mai da takardar shaidar kwalejin ilmi ta zama mafi ƙanƙantar abin da malami zai riƙe, dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 kuma ta ambaci kula da yara tun kafin firamare. Takardu sun ƙaru, amma iya aiki bai bi su ba. A 2017 Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa irin ta 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa kai makin da aka yanka. An yi ta jayayya a kan yadda aka shirya jarrabawar da yadda aka sallami mutanen, amma ko da rabin adadin ne gaskiya, ya isa ya hana mai hankali barci. Laifin kuwa ya fi rataya a wuyan waɗanda suka horar da su, suka ɗauke su aiki, suka kuma manta da su. Ba abin mamaki ba ne da rahoton Bankin Duniya da abokan aikinsa na 2022 ya ƙiyasta cewa a Afirka kudu da Sahara, kusan yara 9 cikin 10 ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimta suna da shekara 10.

Mun kuma san gyara mai yiwuwa ne, domin an taɓa yin sa a gida. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka koyar da wasu 'yan firamare shekara shida da Yarbanci, Ingilishi yana matsayin darasi. Kafin a kai ga haka sai da suka rubuta littattafai, suka ƙirƙiro kalmomin kimiyya da lissafi, suka yi ta tara malamai ana horar da su. Yaran suka fito da kyau, har a Ingilishin ma ba a bar su a baya ba.

To, me muke nema? Na ɗaya, hukumomin ilmi su daina al'adar nan ta tura malamin da ya fi rauni aji ɗaya, a ajiye gwani domin aji shida. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, yaron da ya bar aji uku bai iya karatu ba da wuya wani gwani ya ceto shi a gaba. Na biyu, horo ya tashi daga taron bita na kwana uku a otal, inda ake raba jaka da kuɗin mota, ya koma cikin aji, inda ƙwararre zai ziyarci malami aƙalla sau ɗaya a wata. Na uku, kowane yaro ya sami littafin karatu a harshen da yake ji. Na huɗu, kafin a sa hannu a kwangilar kwamfuta, a amsa tambayoyi uku: wa zai yi aiki da ita, da wace wuta za a cika ta, wa zai gyara ta in ta lalace? Na biyar, a biya malami albashinsa a kan kari, domin ba a koyarwa da yunwa.

'Yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, wannan magana tamu ce. A cikinmu akwai waɗanda za su tafi bautar ƙasa a makarantun ƙauye, akwai kuma waɗanda ba da daɗewa ba za su riƙa rubuta takardun da kwamishina zai sa wa hannu. Sayen kaya yana da farin jini, domin ana ɗaukar hotonsa, ana yanka zare ranar buɗewa, horon malami kuwa sai bayan shekaru ake ganin amfaninsa. Idan fayil ya zo gabanmu, mu tambayi hujja, mu tambayi yara nawa ne za su iya karatu a ƙarshen shekara saboda wannan kuɗi. Masu binciken kammala digiri a fannin ilmi kuma su shiga azuzuwan farko na garuruwansu su auna abin da yara suka iya, domin mu ma mu sami hujjojinmu na gida. Allah ya ba mu ikon riƙe wannan amana, amin.