Wasiƙa Ga Makanikan Injin Jirgin Ruwa Kan Ƙarfen Ɗaga Inji

'Yan'uwa makanikai da matuƙa na Yawuri, Baga, Yeji da sauran bakin ruwa,

Maganar jak-filet ce ta sa na rubuto muku, wato ƙarfen nan da ake ɗaurawa tsakanin katakon bayan jirgi da inji, ya riƙa ɗaga injin ko sauke shi a miƙe, ba karkacewa. Akwai na noti, akwai na haidirolik da ake dannawa daga mazaunin matuƙi. Yana kuma matsar da injin baya, daga inci 4 har zuwa 12.

Ko zai ƙara gudu, wannan jikin jirgi ke yanke hukuncinsa. A Amurka, inda ya yi kasuwa, masunta na ɗaura shi a jiragen faiba marasa nauyi, masu tashi su riƙa zamewa a saman ruwa. Ruwan da ya fito daga ƙarƙashin irin wannan jirgi yakan taso a bayansa, don haka ko an ɗaga inji, farfela tana samun ruwan kamawa. Ƙafar inji ta rage nutso, jan ruwa ya ragu, a sami ƙarin gudu da sauƙin mai, a kuma ratsa inda babu zurfi.

Kwalekwalen katako mai ɗauke da buhuna da fasinjoji, da Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 40 a bayansa, ba ya zamewa, ture ruwa yake yi da ƙirji. Shi kam, a ganina, sayen ƙarfen nan asarar kuɗi ce, ga shi nauyin injin da aka matsar baya zai yi ta ɓamɓarar katakon.

Abin da ya kamata ku ɗauka shi ne awo. Ku shimfiɗa miƙaƙƙen katako a ƙarƙashin jirgi, ku duba faifan nan da ke saman farfela: ya zo daidai da gindin jirgin, ko ya ɗan yi ƙasa. Gajeriyar ƙafa ta katakon baya mai inci 15 ce, doguwa ta mai inci 20. Wanda ya rataya doguwa a gurbin gajeriya ya nutsar da inci 5 a banza, yana ƙona mai, farfela tana cin yashi duk lokacin da ruwa ya janye. Ƙarin katako mai ƙwari da noti a saman katakon baya zai gyara wannan.

Idan kuwa jirgin faiba aka kawo muku, ku ɗaura jak-filet ɗin, amma ku ɗaga inji da rabin inci rabin inci, ku gwada da kaya a ciki, ku sha kwana. Idan kun ji inji ya yi ƙara jirgi bai matsa ba, farfela ta shaƙi iska. Idan siririn ruwan da inji ke fitarwa ta baya ya yi rauni, ƙofofin shan ruwa sun fito fili, inji zai yi zafi ya mutu a tsakiyar kogi da mutane a ciki. Don Allah, da kun ga ɗaya daga cikin biyun nan, ku sauke shi nan take.