Kafin Ki Sayi Hedifon

Makon nan maganarmu a kan hedifon ce, watau abin nan da a ke sawa a kunne don jin waƙa daga kwamfutar cinya ba tare da an dami mutanen gida ba.

Abin da ya sa na ɗauko ta kuwa, wata yarinya ce a ajina ta ce mini duk sa'ad da ta cire iyafis da dare sai ta riƙa jin ƙara a kunnenta kamar kukan gyare. Ita dariya abin ya ke ba ta. Ni kuwa gabana ya faɗi, gama wannan ƙara alama ce kunne ya sha wuya. Can cikin kunnen mutum akwai waɗansu 'yan ƙwayoyi masu kama da gashi, su ne ke karɓar sauti. Ƙara mai yawa tana kashe su, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa har abada.

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fid da ƙa'ida a kan wannan. Da desibel a ke auna ƙarfin sauti. Babban mutum zai iya jin desibel 80 na awa 40 a mako lafiya lau, yaro kuwa 75 ne nasa. Amma kadan aka kai 90, awa 4 kaɗai ya rage a makon duka. Kun ga ƙarin kaɗan ne a hannu, a kunne kuwa babba ne.

To, me ke sa mu ƙure murya? Hayaniya ce. Ga janareton maƙwabta, ga injin niƙa, ga yara. Ƙaramin iyafis ɗin nan mai tauri da ke zaune sako-sako a bakin kunne ba ya tare kome, sai ki yi ta ƙara murya don ki rinjayi janareto. Saboda haka ni a ganina hedifon na ƙwarai shi ne wanda za ki ji waƙa sarai da shi alhali murya tana ƙasa. Masu yin haka iri biyu ne: babba mai rufe kunne duka, wanda bayansa a toshe ya ke, da ƙarami mai kan roba mai laushi da ke cika ƙofar kunne. 'Yar makaranta mai zama wuri ɗaya, babban ya fi mata. Ki tsaya wajen kashi 60 cikin 100 na muryar kwamfuta, ki kuma huta bayan kowace awa.

Amma ke uwargida mai goyo, ko mai tukunya bisa wuta, abin da ya yi wa 'yar makaranta amfani ke zai cuce ki. Hedifon da ya tare janareto zai tare kukan jariri da sallamar baƙo. Ki ajiye shi sai an yi barci, da rana kuwa ki bar kunne ɗaya a buɗe.

Sa'an nan ki duba kwamfutarki kafin ki fita. Yawancinsu suna da rami ɗaya mai faɗin milimita 3.5, waɗansu sirara kuwa ba su da shi sam, sai USB-C. Dubi tsinin wayar hedifon: mai zobe biyu na ji ne kurum, mai zobe uku yana da makirfo, da shi za ki iya magana a darasi ko kiran 'yan'uwa. A jikin kwali akwai lamba da a ke kira om. Daga 16 zuwa 32 kwamfuta tana ɗauka da sauƙi. Mai 250 na ɗakin ɗaukar waƙa ne, yana son wata na'ura ta ƙara masa ƙarfi, in ba haka ba ki biya kuɗi da yawa ki ji murya can ƙasa-ƙasa. Na Bluetooth ba shi da igiya, amma sai da caji, kun kuwa san halin wutarmu. Ni dai mai waya na ke saya.

Kada ki yarda mai kanti ya gwada miki da kiɗansa. Tafi da waƙar da ki ka sani tun kina ƙarama, ko ta Shata ko ta Barmani Choge. Kadan kalangu ko ƙwarya ta haɗiye muryar mawaƙi har ba ki rarrabe kalmomi, mayar masa da abinsa, kome ƙyallinsa. Ki gwada shi yadda za ki sa shi a gida, da ɗankwalinki da 'yan kunnenki, ki bar shi a kai kamar minti goma. Na taɓa sayen wani ina da kitson shuku, bakan nan nasa na sama bai zauna ba ko sau ɗaya, ga shi yana danne mini ɗan kunne har wurin ya yi ja. Matashinsa kuma in na leda ne zai sa ki gumi da bazara, ya yi ta saɓulewa. Na ƙyalle ya fi.

Yarinyar nan kuwa na rubuta wa uwarta takarda a kai ta asibiti a auna kunnen. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.