MOTAR DA KE TAFIYA BA AKWALA BA CE

Akwai wata rigima da aka daɗe ana yi a Amurka da Ingila tsakanin gwamnati da masu tsofaffin motoci, wadda mu ke so masu karatunmu su san ta sosai. Mutanen nan su ne waɗanda su ke ajiye motar da aka ƙera shekara talatin ko hamsin da suka wuce, ko ƙarama ko a-kori-kura, su gyara ta, su goge ta, su fito da ita ran taro kamar yadda mai doki ya ke fitowa da dokinsa ran hawan salla. Duk sa'ad da gwamnati ta fito da shirin biyan mutane kuɗi don su kawo tsofaffin motocinsu a murƙushe, su ne na farkon ta da murya. Masu goyon bayan shirin su kan ɗauke su mutanen da suka fifita sha'awarsu bisa lafiyar jama'a. Mu kuwa mun ce suna da gaskiya. Abin da mu ke gani kurum shi ne gaskiyarsu ta tsaya a rabin hanya, ba ta kai ga wanda aka fi cuta ba, watau talaka.

Rigimar ba jiya ta fara ba. A shekarar 1990 wani kamfanin mai da a ke kira Unocal ya sa talla a birnin Los Anjalis na jihar Kalifoniya, cewa zai sayi motar da aka ƙera kafin 1971 a kan dala 700. Ya sayi fiye da 8,000 ya murƙushe. Bayan wannan hukumar lura da iska ta yankin ta yi ƙa'ida wadda ta yarda masana'anta ta sayi tsofaffin motoci ta lalata, a lissafa mata wannan a madadin rage wani kashi na hayaƙin da ke fita daga bututunta. Tun daga nan masu tsofaffin motoci suka ga inda aka dosa: mai babban bututu ya ci gaba da turnuƙe gari, motar mutane ita ce za ta biya fansa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Babban shirin ya zo a shekarar 2009, lokacin da ciniki ya karye a duniya, har manyan kamfanonin mota biyu na Amurka, General Motors da Chrysler, suka kasa biyan bashi. Ran 24 ga Yuni na shekarar nan Shugaba Barack Obama ya sa hannu a kan dokar da mutanen ƙasar suka yi wa laƙabi da kuɗi a bakin akwala. Ka kawo tsohuwar motarka wurin dillali, a rage maka dala 3,500 ko 4,500 daga kuɗin sabuwa, gwamnati ta biya. Sharaɗi shi ne motar ta zama mai shan mai, wadda galan ɗaya ba ya kai ta fiye da mil 18, ta zama tana da rajista da inshora da sunanka shekara guda cur, sa'an nan kuma ta zama tana tafiya da ƙafarta. Mai karatu ya riƙe wannan sharaɗi na ƙarshe da kyau. Motar da ta mutu a bayan gida ba a karɓarta, sai mai rai.

An fara da dala miliyan dubu ɗaya, kuɗin suka ƙare cikin 'yan kwanaki, majalisa ta ƙara miliyan dubu biyu. Ran 24 ga Agusta aka rufe shirin, bayan an karɓi mota kusan 680,000. Ga kuwa yadda aka yi da su. Doka ta umurci dillali ya tsiyaye baƙin man injin, ya zuba wani ruwan sinadari mai suna sodiyam silikat a madadinsa, sa'an nan ya ta da motar ya taka totur. In ruwan nan ya sha zafi sai ya daskare kamar gilashi, injin ya shaƙe ya mutu, mutuwar da babu makaniken da zai iya ta da shi. An hana sayar da injin, gangar jikin kuma aka ce lalle a kai ta wurin murƙushewa cikin 'yan watanni. Jama'a, ku duba wannan: gwamnati ta karɓi harajin mutane ta ba dillalai don su kashe injin da ke aiki.

Hujjar masu tsofaffin motoci guda biyu ce, dukansu kuwa masu ƙarfi ne. Ta fari, tsohuwar mota da 'yar'uwarta ta ke rayuwa. Kamfanin da ya ƙera ta ya daina yin kayanta tuntuni, saboda haka in giya ta lalace ko ƙofa ta lotse, wurin masu tarkacen mota a ke zuwa a ciro daga wadda ta riga ta kwanta. Kowace mota da aka niƙe ta tafi da kayan da za su raya waɗansu da yawa. Ta biyu, ba wanda ya san motar da za ta yi daraja gobe. Motar da kowa ya raina yau saboda yawanta, ita ce bayan shekara talatin za a nema ruwa a jallo, don tarihin sana'ar ƙasa a jikinta ya ke.

Sun kuwa yi aiki, ba surutu kaɗai suka yi ba. Ƙungiyar masu ƙera kayan gyaran mota da masu sayar da su, wadda a ke kira SEMA, tare da kulob-kulob na masu motocin, ta matsa wa 'yan majalisa lamba har aka sa a cikin doka cewa motar da ta wuce shekara 25 ba ta shiga shirin. A Ingila, inda aka fara irin wannan shiri cikin Mayu 2009 aka rufe cikin Maris 2010, ba a sa wannan iyaka ba. Can duk motar da ta wuce shekara 10 an rage wa mai ita fam 2,000, rabi daga gwamnati rabi daga kamfanin mota, aka karɓi kusan 390,000. Da jerin sunayen motocin ya fito daga baya, sai ga su MG da Morris Minor a ciki. Morris Minor ɗin nan, wadda dattawanmu suka sani sarai, an ƙera ta daga 1948 zuwa 1971, ita ce kuwa motar Ingila ta farko da aka ƙera miliyan guda. Ashe tsoron da masu motocin su ke ji ba na banza ba ne.

To, a nan ne mu ke da magana da su. Iyakar shekara 25 ta ceci motar mai sha'awa, wanda ya ke da wata motar ta zuwa aiki. Ba ta ceci motar mai neman abinci ba. A Amurka, motocin da aka fi kashewa su ne Ford Explorer da a-kori-kurar nan Ford F-150, da irinsu, masu shekara goma zuwa ashirin. Irin waɗannan ne magini ke ɗora tsaninsa a kai, manomi ya ɗauko taki, mai iyali ya kai yara makaranta. Da an bar su, da sun sauka hannu zuwa hannu har su kai ga wanda ba shi da ikon sayen wadda ta fi su. Ba sai an je makaranta ba kafin a gane cewa in ka ɗebe mota kusan 680,000 masu tafiya daga kasuwa, ka kashe injinsu, farashin ragowar ba zai sauko ba, haka kuma farashin tsohon inji.

Sa'an nan a tambaya, wa ya sami kuɗin? Ragin nan ba a ba da shi sai ga mai sayen sabuwar mota fil. Wanda ya ke da ikon biyan sauran kuɗin, ko wanda banki ya yarda ya ba shi bashi a shekarar da bankuna suka ƙulle hannu, shi ya amfana. Talakan da motarsa ta fi ta kowa hayaƙi bai sami ko kwabo ba, don dala 4,500 ba ta kai shi ko kusa da sabuwa. Amma harajinsa yana cikin miliyan dubu ukun nan. An karɓa daga hannun kowa, an ba masu hali, sa'an nan an lalata abin da marasa hali za su iya saye.

Masu mulki sun kare kansu da hujja biyu, ya kuwa kamata a saurare su. Sun ce shirin zai raya masana'antu. Gaskiya ne an sayar da motoci da yawa cikin Yuli da Agusta na 2009. Amma waɗansu masana tattalin arziki biyu, Atif Mian da Amir Sufi, sun bi diddigin cinikin gari gari, suka tarar ƙarin da aka samu ya zube cikin wata goma, watau mutanen da dā ma za su sayi mota nan gaba kaɗan ne suka gaggauta saboda ragin. Kamfanin Edmunds, mai lissafin cinikin motoci, ya ƙiyasta cewa kimanin 125,000 kaɗai ne cinikin da ba za a yi ba in babu shirin, wanda ya nuna kowace ɗaya ta ci wa mai biyan haraji wajen dala 24,000. Motar da aka fi saye kuwa ita ce Toyota Corolla, alhali General Motors da Chrysler ne ke kwance. A Jamus ma haka aka gani. Gwamnati ta ware yuro miliyan dubu biyar, yuro 2,500 kowace mota, kuɗin suka ƙare a farkon Satumba 2009, 'yan makonni kafin zaɓen ƙasa. Sababbin motocin da aka yi wa rajista suka kai miliyan 3.8 a 2009, a 2010 suka faɗo miliyan 2.9. An ci tuwon gobe yau ke nan.

Hujjarsu ta biyu ita ce hayaƙi, ita ce kuwa mai nauyi. Ba mu musun cewa hayaƙin mota yana cutar da ƙirji, ba mu kuma musun lissafin hukuma cewa motocin da aka karɓa suna yin mil 15.8 ga galan, sababbin kuwa mil 24.9. Amma ƙera sabuwar mota ma yana cin ƙarfe da wuta, hayaƙin wannan kuwa ba ya fita ta salansa balle a gan shi. Bugu da ƙari, takardar haihuwa ba ta faɗin yawan hayaƙi. Akwai mota mai shekara ashirin da mai ita ke kula da ita, akwai mai shekara shida da ta zama murhu. Mai son tsabtace iska sai ya gwada hayaƙin kowace mota, wadda ta faɗi a gyara ta. Jihar Kalifoniya kanta ta kafa shirin taimaka wa mai ƙaramin ƙarfi da kuɗin gyara in motarsa ta faɗi gwajin hayaƙi. Hanyar tana nan, an san ta, sai dai ba ta cika aljihun dillali kamar ta murƙushewa.

Wani zai ce ina ruwanmu da rigimar Turawa. Ruwanmu yana ciki. Yawancin motocin da ke kan hanyoyinmu na hannu ne, daga Turai da Amurka su ke zuwa ta tashar Ikko da ta Kwatano. Wani rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna daga 2015 zuwa 2018 ƙasashen Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kashi 40 cikin 100 Afirka suka zo. Ba mu yarda a mai da ƙasarmu juji ba, motar da ba ta da birki ko fitila a hana ta shigowa. Amma lafiyayyar motar da aka shaƙe wa inji a can, wani direba ne a nan ya rasa ta. Abin da ya fi wannan kuma, mun san halin masu mulki: duk rigar da suka ga an sa a ƙasar waje sai su ɗinko irinta ba tare da awo ba. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka muna bayyana matsayinmu tun yanzu, kafin wani minista ya zo da irin wannan shiri da sunan zamani. A hukunta mota da gwajin hayaƙinta da lafiyar birkinta, kada a hukunta ta da shekarunta. In akwai kuɗin jama'a da za a kashe, a fara da taimakon gyara ga masu ƙaramin ƙarfi, don wannan ya kan ciyar da makanike da mai walda da yaransu. In mota ta gaza ƙwarai har ba ta gyaruwa, a bar masu kayan gyara su ciri abin da ke da amfani kafin 'yan gwangwan su ɗauki sauran. Kada kuma a tilasta wa kowa rabuwa da motarsa ba tare da an biya shi abin da zai kai shi ga wata ba.

Masu tsofaffin motoci na Amurka sun nuna cewa jama'a in sun haɗa kai suna iya sa majalisa ta gyara doka tun ba a sa mata hannu ba. Wannan darasi ne ga ƙungiyoyin direbobi da na makanikai. Sai dai muna roƙonsu, in ranar ta zo, kada su yi yadda waɗancan suka yi, su ceci nasu su bar na ƙasa da su. Duk wanda ya zo muku da shirin murƙushe motoci, ku tambaye shi abu uku: kuɗin wa za a kashe, hannun wa za su shiga, sa'an nan wanda aka raba da motarsa, me zai hau gobe? In ya kasa amsawa, kada ku ba shi ƙuri'arku.