Gadin Jirage a Tekun Sin: Wa Ya Ɗauki Nauyin?

'Yan fashin da suka addabi jiragen kasuwanci a gaɓar Sin a shekarun 1920 tikiti suke yanka kamar kowa. Su saje da fasinjoji, bindigogi na ƙunshe cikin kaya, sai jirgi ya yi nisa su rutsa kyaftin, su sa shi ya karkata zuwa Bias Bay, matattararsu da ke gabas da Hong Kong. Maganin da Turawan Ingila suka kawo shi ne shingen ƙarfe da 'yan gadi masu bindiga, da farko Indiyawa, daga 1930 kuma har da Rashawan da juyin juya hali ya koro daga ƙasarsu.

Gwamnatin Ingila ta ce kamfanonin jirage su biya kuɗin gadi. China Navigation Company ta kai ƙara, tana ganin kare talakawan Sarki aikin hukuma ne. A 1932 kotun ɗaukaka ƙara a Landan ta ce a'a, mai son soja a jirginsa ya biya. Ni dai ban ga kamfanin da zai haɗiye irin wannan kuɗi bai ɗora shi kan tikiti da kuɗin dako ba.

Shingen ne ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Ɗakin tuƙi da ɗakin inji ya kewaye. Basinen da ya yanki tikiti mai araha yana waje, tare da ɓarayin. In hafsoshin jirgi suka turje, ɓarayi su cinna wa jirgi wuta. Haka aka yi wa jirgin Sunning a Nuwamba 1926, haka aka yi wa jirgin Haiching a Disamba 1929, inda mutane da dama suka halaka. Aka yi ta yabon jarumtar hafsoshin, kuma sun cancanta, amma wutar ba ta tambayi wanda ya yanke shawarar turjewa ba.

Sai mutanen ƙauyukan Bias Bay, waɗanda sojan ruwan Ingila suka ƙone wa gidaje a 1927, mai laifi da maƙwabcinsa.

Ko da gadin ma ba a tsira ba. A 1935 'yan fashi suka kama jirgin Tungchow ɗauke da 'yan makaranta kusan 70 masu komawa Chefoo, bayan an harbe Barashe ɗaya cikin masu gadinsa.