Rigimar "An Cire Ayoyi": Mu San Kanta Kafin Mu Tsoma Baki



Duk wanda ke zaune cikin Kiristoci, ko a Legas ne ko Ibadan ko Anacha, zai yi wuya a ce bai taɓa jin suna gardama kan wane Baibul ne na ƙwarai ba. Wani ya ce shi in ba King James ba ba ya karantawa, wai NIV ta sace ayoyi. To, rigimarsu ce ta cikin gida, amma na ga samarinmu sun ɗauke ta suna yawo da ita a waya, suna tsokanar maƙwabta da cewa ai ga shi da bakinku kun yarda. Ni a ganina yawancinmu ba mu ma san a kan me ake rigimar ba.

Ga yadda abin yake. Da Girkanci aka rubuta Sabon Alkawari, kuma da hannu aka yi ta kwafarsa shekara fiye da dubu kafin a sami injin ɗab'i. Yau akwai irin waɗannan kwafe-kwafe na Girkanci sama da 5,000, kuma ba su zo ɗaya a kowace kalma ba. Duk wanda ya taɓa juye littafin bashin shago zuwa sabo ya san yadda ido ke tsallake layi, ko a shigar da abin da wani ya rubuta a gefe cikin lissafi.

A shekarar 1516 wani malami ɗan ƙasar Holan mai suna Irasmus ya buga Sabon Alkawari na Girkanci. Kwafin da ya samu a birnin Basel ba su kai goma ba, kuma ba tsofaffi ba ne sosai, yawanci na wajen ƙarni na 12. Har ma kwafinsa na littafin Wahayi ba shi da shafin ƙarshe, sai ya mayar da ayoyin daga Latin zuwa Girkanci da kansa. A kan zuriyar wannan bugu aka ɗora fassarar da Sarki Jemis na Ingila ya sa aka yi, wadda ta fito a 1611.

Daga baya sai tsofaffin kwafi suka bayyana. Wani Bajamushe, Tishandof, ya ci karo da ɗaya a gidan 'yan zuhudu na Santa Katarina a gindin dutsen Sinai, a 1844 da kuma 1859. Na ƙarni na 4 ne, tsaran wanda ke ajiye a Batikan. Ingila ta saye shi daga hannun Tarayyar Sobiyat a 1933 kan fam 100,000 (ku ji kuɗi a kan littafi ɗaya!). Da aka gwada sai aka ga akwai ayoyin da ke cikin King James amma babu su a waɗannan. Shi ya sa sababbin fassarori irin NIV, wadda ta fito cikakkiya a 1978, suka sauko da ayoyi kamar 16 zuwa ƙasan shafi. In ka buɗe Matiyu sura 17 za ka ga lamba ta yi tsalle daga 20 zuwa 22, domin tun 1551 aka sa wa ayoyin lamba, ba wanda ya so a sake lissafi. Ayar da ta fita a nan tana maganar addu'a da azumi ne, ka ga kuwa dole abin ya taɓa masu coci a ƙasar nan, inda ba a wasa da azumi.

Wato dai tsohuwar fassara a kan ƙananan kwafi take, sabuwa kuma a kan tsofaffi. Masu riƙe da King James suna da hujjarsu, suna cewa mafi yawan kwafin da ake da su sun fi kusa da nasu, don me biyu za su rinjayi dubbai? Ɗaya ɓangaren su ce kuskure ɗaya in an kwafe shi sau dubu bai zama daidai ba, kuma an tono gutsattsarin takardu a Masar da suka girmi ƙarni na 4, sau da yawa suna goyon bayansu. Ni dai a matsayina na ɗan kasuwa hujja ta biyu ta fi kama mini hankali, domin in rasit biyu suka saɓa, na asali ake nema.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce wani sirri aka bankaɗo. Malamansu ne suka yi binciken, su suka rubuta a ƙasan shafi cewa ƙarshen Markus, sura 16 daga aya 9, babu shi a waɗancan tsofaffin kwafi biyu. Ayar nan ta wasiƙar Yahaya ta fari, sura 5 aya 7, wadda muka sha ji a kasakasan marigayi Ahmed Deedat, shi kansa Irasmus bai sa ta a bugunsa na farko da na biyu ba, sai a 1522 bayan an taso shi gaba. Waɗanda suka fitar da ita kuma ba su bar aƙidarsu ba, da wasu ayoyin suke kafa hujja. Saboda haka in ka jefa wa Kirista mai karatu ita kana jiran ya rikice, dariya zai yi maka. In kuwa marar karatu ne, ransa zai ɓaci, gobe kuma kai ne za ka ce ya duba maka shago ka je Juma'a.

Wanda ke son tattaunawa ta ilimi ba wanda ya hana shi. Amma ya fara aron littafin wurin maƙwabcinsa, ya buɗe Matiyu 17, ya karanta ƙaramin rubutun da ke ƙasan shafin tukuna.