Da Muguwar Rawa Gwamma Ƙin Tashi

 Maƙalarmu ta wannan mako daga bakin gareji ta fito.

Kwanakin baya mun tashi daga Zango za mu ɗaurin aure Daura, mu biyar a cikin wata Corolla mai giyar hannu, 'yar Kwatano. Mai motar ya murɗa makulli, fitilun gaban sitiyari suka kama tar, amma inji ko tari bai yi ba. Aka kira mai wayarin. Ya kwanta a ƙarƙashin sitiyari, ya zare wani ɗan soket da ke jikin kuloci, ya haɗe wayoyi biyu, ya naɗe da salatif. Nan take mota ta tashi, muka yi ta sa masa albarka.

Bayan la'asar, da za mu juyo gida, ƙanin mai motar ya zura hannu ta taga ya murɗa makulli don inji ya ɗan yi zafi. Ashe an bar motar a giya ɗaya, domin birkin hannunta ya daɗe da mutuwa. Sai ta zabura ta daki bencin mai shayi. Wata yarinya mai tallar gyaɗa ba ta fi minti biyu da tashi daga kan bencin ba. Allah ne Ya kiyaye.

Tun ranar muke da ra'ayi ɗaya a kan wannan dabara da masu gyara ke kira dairek: ta halatta a matsayin gwaji, ko don a fitar da mutum daga daji, amma ba gyara ba ce. Mai wayarin da ya bar mota a haka ya sallami mai ita ba tare da ya yi masa bayani ba, bai gama aikinsa ba.

Abin da aka tsallake ɗin wani ɗan makunni ne da bai kai babban yatsa ba. Aikinsa ɗaya: ba ya barin wuta ta isa ga kik sai an take kuloci har ƙasa, wato sai an raba inji da tayoyi. Motoci masu giyar otomatik suna da ɗan uwansa, wanda ke hana su tashi sai giya tana kan P ko N. Tsofaffin direbobinmu sun koyi tuƙi a Peugeot 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna a da, wadda ba ta da wannan makunni, shi ya sa hannunsu ba ya zuwa makulli sai ya girgiza giya ya tabbatar tana firi. Yaran yanzu da yawa ba su tashi da wannan ɗabi'a ba. Idan aka cire musu makunnin, babu abin da ya rage tsakanin kuskurensu da mutumin da ke gaban mota.

Kuma haɗarin ya fi yawa a wurinmu. Daga Zango zuwa Baure, Sandamu da Mai'aduwa, motoci nawa ne birkin hannunsu ke aiki? A giya muke ajiye su, mu sa dutse a taya. Inuwar mota kuwa wurin hutawar yara da almajirai da awaki ce.

Abin takaici, sau da yawa makunnin ba shi da laifi. Motar da ta ƙi tashi tana faɗin ciwonta ga mai saurare. Idan kik yana juya inji sosai amma bai kama ba, a bar maganar kuloci gaba ɗaya, a nemi mai da wutar filogi. Idan aka ji ƙas-ƙas-ƙas da sauri, fitilu suna dusashewa, batir ne ya yi sanyi ko kawunansa sun yi gishiri. Cikakken batir yana nuna kusan volt 12.6 a mita idan inji na kashe, kuma bai kamata ya faɗi ƙasa da kusan 10 ba lokacin da ake murɗa makulli. Idan ƙas ɗaya ce mai ƙarfi sannan shiru, a tuhumi kik ɗin kansa ko babbar wayar da ke kai masa wuta. Sai idan fitilu suna haske sosai, aka murɗa makulli aka ji tsit, sannan makunnin kuloci ke shiga cikin waɗanda ake zargi, tare da fiyus da rile da mazaunin makulli.

Ko a nan ma akwai abin dubawa kafin a taɓa waya. Wani lokaci kafet mai kauri ne ya tokare kuloci ya hana shi kaiwa ƙasa. Wani lokaci ɗan robar da ke danna makunnin ne zafi ya busar ya farfashe. Wani lokaci ƙurar hunturu ce ta cika soket. Duk waɗannan aikin 'yan mintoci ne. Idan an duba su babu, sai a sa giya a firi, a tokare taya, a kori kowa daga gaba, a haɗa wayoyin a gwada. In mota ta tashi, an gano mai laifi. Abin da ya rage shi ne a sauya makunnin, a mayar da soket mazauninsa.

Mun san abin da masu wayarin za su ce, kuma suna da hujja. Kayan gyaran ba kullum ake samunsu a Zango ba, sai an aika Daura, wani lokaci har Ƙofar Ruwa a Kano. Mai mota kuma yana tsaye a kanka, fasinja na jira, ba ya son jin kuɗin da ya wuce na salatif. Direban da dare ya yi wa a hanyar Baure, babu mai hankalin da zai ce ya kwana a daji saboda ɗan makunni. Mun yarda. Kamfanin Toyota ma ya sa wa wasu motocinsa na shiga daji maɓallin da ke ba direba damar tayar da inji ba tare da taka kuloci ba. Amma a lura da yadda suka yi shi: sai direba ya danna da saninsa, kuma da an kashe mota kariyar ta dawo. Dairek ɗinmu kuwa ba ya dawowa. Yana nan a ɓoye ƙarƙashin sitiyari har a sayar da motar ga wanda bai san da shi ba.

Don haka roƙonmu ga masu gyara kaɗan ne: in lalura ta sa kun yi dairek, ku faɗa wa mai mota ƙarara, ku sa masa ranar dawowa. Mai mota kuma ya faɗa wa duk wanda zai ba makulli, ya gyara birkin hannunsa.

Mu kuma marubuta, ina namu laifin? Littafin da ke zuwa da mota da Turanci yake, wani ma da Jamusanci ko Faransanci, in ma ya iso tare da ita. Direban tashar Zango da Hausa yake karatu a wayarsa. Mun cika masa ita da labaran soyayya da siyasa, amma da wuya ya samu shafi ɗaya da zai bambance masa kukan batir da na kik. A labaranmu ma, mota takan "lalace" ne kawai don jarumi ya haɗu da jaruma, ba mu san me ya lalace ba. Wanda ke neman abin rubutawa a wannan mako, ya je gareji mafi kusa da shi, ya gaida oga, ya nemi izini ya zauna wuni ɗaya. Ya tambayi sunan kowane ƙarfe kamar yadda suke kiransa, ya rubuta, sannan ya karanta musu su gyara masa kafin ya kawo mana.

Motar abokin namu dai an sa mata sabon makunni, an biya mai shayi kuɗin bencinsa. Birkin hannun ne har yau ake cewa sai an sayar da wake.

Allah Ya tsare mu a hanyoyinmu, Ya yi wa alƙalumanmu albarka. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.